Lasisin babur a Jidda: makarantar ta ci kuɗinta, amma iyakarta bakin ƙofa

Tun ranar da na saka hoton lasisina a zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna Jidda, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: nawa ka kashe, akwai wuya, sannan a ƙarshe mutum ya rage murya ya ce, “To Malam, babu wanda za a ba ɗan na goro ya fito da shi ba sai an je ba?” Wannan ta ƙarshe amsarta gajeriya ce. Babu, kuma duk wanda ya ce maka akwai, kuɗinka yake so. Komai yanzu a kan lambar igamarka, wato katin izinin zama a Saudiyya, yake tafiya, daga gwajin ido har sakamakon jarrabawa, ba takarda ba ce da wani zai sa wa hannu a bayan ofis. Sauran tambayoyin biyu su ne suka sa na zauna na rubuta wannan, ko na huta da maimaitawa.

Ra'ayina game da makarantar koyon tuƙin da na je a fili yake. Abin da ake koyarwa a kan babur a cikin harabarta ya ci kuɗinsa har da ƙari. Ajin karatunta ɓata lokaci ne. Abubuwan da suke kayar da mutum a titin Jidda kuwa, ko kusa da su ba ta je ba.

Ni sabon shiga ne na gaske. Har na baro Kano ban taɓa riƙe kan babur ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya kafa doka a gida cewa ba ɗansa da zai ja mashin, wai shi ba zai ƙare tsufansa yana kai tuwo asibitin ƙashi na Dala ba. Saboda haka iyakata bayan ɗan acaɓa, har zuwa Janairun 2013 da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, muka koma A Daidaita Sahu. A nan kuma aikina a wani sito ne a Khumra, can kudancin gari inda tireloli suke sauke kaya. Kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki muke sayarwa, kuma kullum sai an samu wani shago a Bab Makka ko kan titin Sittin da yake neman wani ɗan ƙarfe da gaggawa, abin da bai kai a tayar da mota dominsa ba. Manaja ya ce duk wanda ya yi lasisin babur za a damƙa masa na kamfani, da ɗan ƙari a kan albashi. Ɗan ƙarin nan ne ya kai ni.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Igama mai rai, asusu mai aiki a Absher, manhajar gwamnati ta harkar takardu, da layin waya da yake a sunanka, domin kowane mataki sai an turo maka lambar sirri. A Absher ɗin ake neman ranar zuwa makaranta. Kafin nan sai ka je ɗaya daga cikin asibitocin da aka yarda da su, a gwada idonka a duba rukunin jininka. Ba za su ba ka takardar da za ka yi ta yawo da ita ba, sakamakon da kansa yake hawa na'ura ta tsarin Efada. Kuɗin gwamnati ta manhajar banki ake biya, ta SADAD, kuma bai taka kara ya karya ba: riyal 20 ne a shekara, rabin na ƙaramar mota ke nan, wanda yake riyal 40. In da tarar hanya a kanka, sai ka sauke ta tukuna. Abin da mutanenmu ba sa son ji shi ne lasisin mota ba ya ɗaukar babur. Wanda ya shekara ashirin yana jan mota a garin nan, ranar da ya hau dabbab, wato babur, ba tare da nasa lasisin ba, ya shiga hannu, kuma tarar daga riyal 1,000 ce zuwa 2,000. Kuɗin makaranta shi ne mai nauyi. Ya danganta da sa'o'in da aka yanka maka bayan an gwada ka an ga matakinka, sannan a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari a kai. Ka tambayi jimillar da harajin a ciki tun a taga, ka karɓi rasit ka adana.

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne layi. Sashen babur a cike yake maƙil, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aikin kai abinci gida-gida ya bunƙasa, ko'ina ka waiwaya akwatin HungerStation ne ko na Jahez ko na Keeta a bayan babur, kuma tun da Hukumar Sufuri ta fito da sabbin ƙa'idoji a 2024, waɗanda suka ce baƙo sai ta ƙarƙashin kamfani zai yi wannan aiki, da rigar aiki a jikinsa, kamfanoni suke kwaso ma'aikatansu mota guda suna zubewa a makarantu. Wakilin kamfani zai zo da fayil talatin a hammata, ya san kowa a taga, a gama da shi kafin kai mai fayil ɗaya a ɗaga kai a dube ka. Lambar da na'ura ta ba ka a bakin ƙofa ado ce kawai. Na ga wani dattijo ɗan Yaman da ya zo tun buɗe ƙofa, har aka kira azahar yana nan riƙe da 'yar takardarsa.

Ajin karatun ba zan daɗe a kansa ba, domin su ma ba su daɗe ba. Ɗaki ne mai sanyi ƙwarai, da allon bango, da wani matashi da yake karanta abin da ke rubuce a allon kalma bayan kalma, idonsa rabi a wayarsa. Darasin na masu mota ne aka miƙo mana: yadda ake ɗaura bel, yadda ake fakin tsakanin motoci biyu. Maganar babur ba ta wuce a ce ka sa hular kwano ba. Jarrabawar kwamfuta kuma alamomin hanya ne da wa ke da hannu a shatale-tale da mahaɗa. Na ga Larabci da Turanci da Urdu a cikin harsunan da za ka zaɓa, Hausa ba ta ciki. A nan ne nake jan kunnen 'yan'uwa. Wanda ya yi makarantar allo zai karanta tambayar Larabci tsaf ba tuntuɓe, har ya ji daɗin kansa, amma Larabcin dokar hanya daban yake da wanda ya sani, kuma amsoshin sukan yi kama da juna. Ka sami wanda ya yi boko a nan ya zauna da kai dare biyu a kan alamomin, ya fi maka ajin gaba ɗaya.

Sai fili. Mutumin da ya sa nake cewa kuɗina bai faɗi ba shi ne mai koyarwar da aka haɗa ni da shi. Ɗan ƙasa ne haifaffen Makka, baƙi dogo mai furfura a gemu, kowa Kaftin yake ce masa. Da ya duba igamata ya ga Najeriya, sai ya ɗago kai ya ce da Hausa, “Ina gajiya, ɗan'uwa?” Ashe kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗejiya a ƙafa, ya ratsa Sudan yana ƙwadago yana tara guzuri, ya tsallako daga Sawakin a jirgin ruwa, bai sake komawa ba. Hausarsa ta tsofaffi ce, a cakuɗe da Larabci, amma ta ishe shi yin faɗa, kuma ya yi.

A zaman farko bai bar ni na taɓa totur ba. Ya ce in hau, in taka giya ɗaya, in damƙe kuloci, in riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har in ji babur ya fara ja da kansa, sai in sake damƙewa. Taku ɗaya gaba, in tura baya da ƙafa, in sake. Haka muka yi ta yi har yatsun hannuna na hagu suka ƙage, ga 'yan Bangladesh can gefe suna ta zagaye fili suna dariya. Da na gaji na ce, “Kaftin, yaushe za mu fara tafiya?” Ya ce, “Ya Hajji, tafiya ba ta da wuya, kowane yaro ya iya ta. Tsayawa muke sayarwa a nan.” Daga baya na gane abin da yake nema. Akwai ɗan wuri a tsakiyar sakin kuloci, bai fi faɗin yatsa ba, inda inji yake fara kama taya. Wanda hannunsa ya san wurin nan ba ya mutuwar inji a danja, ba ya zabura ya daki motar gaba, kuma yana iya tafiya a hankali fiye da mai tafiya a ƙafa ba tare da ya sauke ƙafa ba. Duk sauran darussan a kan wannan aka gina su.

Darasin burki shi ne wanda da za a ce in biya shi daban, da na biya. A gida mun tashi muna jin cewa burkin gaba mugu ne, in ka taɓa shi zai wuntsila ka ta kan babur, har akwai 'yan acaɓar da suke sa bakanike ya sassauta shi da gangan. Kaftin bai yi gardama da ni ba. Ya ajiye robar alama guda a tsakiyar fili, ya hau babur ya taho a guje, daidai robar ya taka burkin baya kaɗai. Tayar ta kulle, ta yi ƙara, babur ya ja jiki yana karkata ya wuce can nesa, ya bar baƙin zane a kwalta. Ya ce in tsaya inda ya tsaya. Ya koma ya sake tahowa da gudu iri ɗaya, wannan karon ya haɗa gaba da baya, na ga gaban babur ya duƙa, ya tsaya cak, tsakanina da shi akwai tazarar da mota za ta shiga har ta yi saura. Ya sauka ya buga tayar gaba da tafin hannu ya ce idan ka kama burki nauyinka da na babur duk gaba suke komawa, su danne wannan tayar a ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau, shi ya sa kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawa aikin gaba ne. Abin da ke kayar da mutum fizga ce. “Ka taɓa tatsar saniya?” in ji shi. “To haka ake kama shi. A hankali da farko, in ka ji ya kama sai ka ƙara matsawa.” Ya kuma gargaɗe ni cewa a cikin kwana, ko a kan yashi, ko kan babur yana juye, wannan matsar ce za ta kai ni ƙasa, don haka a rage gudu tun babur yana miƙe.

Ya ba ni lissafi biyu da na riƙe. Mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato kafin ka gama kallon saƙon da ya shigo wayarka ka wuce tsawon tirela. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da burki yake buƙata sau huɗu take ninkuwa, ba sau biyu ba.

Daga nan sai ratsa robobi da zagayen lamba takwas, wanda shi ne yake cin mutane a jarrabawa. Sirrinsa uku ne a haɗe: kuloci a wurin nan da na faɗa, ƙafar dama tana ɗan danna burkin baya, ido kuma yana can inda za ka fita, ba a kan robar da kake tsoron bugewa ba. Kaftin yakan tsaya a tsakiyar da'irar yana ihu, “Kalle ni! Kalle ni, kar ka kalli ƙasa, ba ka yar da kuɗi ba!” In ka kalli roba, roba za ka taka, wannan na gani da idona a kan mutum bayan mutum. Haɓarka sai ta kusa taɓa kafaɗa kafin babur ya yarda ya juyo.

A rukuninmu akwai wani bawan Allah ɗan Damagaram, ya girme ni, ya shekara da shekaru yana kabu-kabu kafin ya zo nan. Ranar farko da silifa ya zo, aka mayar da shi ya nemo takalmi sau-ciki. Da ya hau babur kuwa kowa ya yi shiru, domin yadda yake juya shi sai ka ce a kai aka haife shi. Kuma shi ne ya faɗi gwajin farko. Yana shiga kwana sai ya sako ƙafa ɗaya tana lilo kusa da ƙasa, ba ya waiwayawa ta kafaɗa kafin ya tashi, sigina ba ta cikin lissafinsa, madaurin hula a sake yake barinsa, sannan ƙafarsa ta saba da babur ɗin da duk giyarsa ƙasa ake takawa, nan kuwa ɗaya ce ƙasa, sauran sama. Ya fusata ya ce, “Ni za a koya wa mashin? Na ɗauki buhu biyu da mace da goyo a cikin rairayi ban faɗi ba!” Kaftin ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Alhaji, na san ka fi ni iya tsira. Amma mai jarrabawa ba tsira yake dubawa ba, ƙa'ida yake dubawa. Ka ba shi abin da yake so, ka karɓi katinka.” Ni da na zo ba na sanin komai ban sha wannan wahalar ba, domin babu abin da za a kankare daga jikina.

Yanzu ga inda makarantar ta gaza ko a cikin filin. Baburan ba su kai yawan ɗalibai ba, mutum uku ne a kan guda, amma sa'arka tana fara ƙirguwa ne daga lokacin da ka dangwala yatsa a na'ura, ba daga lokacin da ka hau ba. Rabin abin da ka biya a tsaye kake cinye shi kana kallon wani. Baburan kansu ƙanana ne masu ƙarfin inji 150cc, sun sha faɗuwa, wannan madubinsa ɗaya, wancan hannun kulocinsa a lanƙwashe, wani kuma sarƙarsa ta yi sako-sako tana ƙara. Hulunan kwano na aro suna cikin wani kwando a rana, cikinsu jiƙe da gumin wanda ya cire yanzu, wasu madaurinsu ya tsinke an ƙulla. Makarantar da take karɓar irin wannan kuɗi ba ta da hujjar rasa hula goma masu kyau. Inuwa kuwa rumfa ɗaya ce ta mutum shida, ga zafin Jidda mai haɗe da laima wanda ko iska ta kaɗa ba ya busar da riga. Dokar ƙasa ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, amma kwaltar da ta wuni tana shan rana ba ta huce da la'asar ba, ta cikin takalmi kake jin ta. Na kuma lura ba duk masu koyarwar ne irin Kaftin ba. Akwai wanda yake zaune a kan kujera a inuwa yana nuni da sanda daga nesa, ɗalibansa suna faɗuwa suna tashi. Sa'a ce ta haɗa ni da nawa, kuma bai kamata abin da mutum ya biya kuɗi a kai ya zama sa'a ba.

Jarrabawar kanta ba ta kai shan shayi ba. Ka ɗaura hula, ka waiwaya, ka tashi, ka ratsa robobi, ka yi takwas, ka tsaya a inda aka ce. Mai jarrabawar bai ce da ni uffan ba, ya dai yi alama a na'urarsa ya kira na gaba. Lasisin ya bayyana a Absher da Tawakkalna, wata manhajar ta gwamnati, kafin katin roba ya zo hannuna.

To, sai ga ni da lasisi a waya, ban taɓa shiga giya huɗu ba, ban taɓa jin iskar tirela ta wuce ni ba. Makarantar ba ta fitar da mu titi ko sau ɗaya ba. Wanda ya san hanyar Haramain da safe, ko titin Madina bayan isha'i, ya san abin da wannan yake nufi. Wanda ya cike mini wannan giɓin shi ne mutumin Damagaram ɗin nan, bayan shi ma ya karɓi nasa. Safiyar Juma'a muke fita, lokacin da gari yake barci, shi a gaba ni a baya, in mun tsaya shan shayi ya yi mini bita.

Karatunsa babu shi a allon kowa. A danja kar ka tsaya a tsakiyar layi, nan ne motoci suke ɗigar da mai, ka tsaya inda tayarsu take bi, kuma ka bar giya ɗaya a ciki idonka a madubi har motar baya ta tsaya. Motar da take gefen hanya ko take jiran shigowa, kar ka kalli fuskar direba, ka kalli tayar gabanta, domin direba yana iya kallon idonka ya kuma fito, amma taya ba ta ƙarya. Kar ka jera da tirela ta hannun damanta, musamman a Khumra inda suke buɗewa hagu kafin su karya dama, sabon shiga ya ɗauka an ba shi hanya ne. Bakin shatale-tale kullum akwai yashin da iska ta tara. Inda tankoki suke juyawa ka sa hanci, warin gas yana riga ganin santsinsa. In babbar mota ta taho bayanka tana walƙa fitila, ba lokacin nuna zuciya ba ne, ka ba ta wuri. In akwai ƙaramar hanyar gefe, ka bi ta ko da za ta ƙara maka minti goma, babur mai ƙarfin 150 ba shi da abin yi a tsakiyar masu gudun 120. Ruwan sama kuma, ya ce ka ajiye babur kawai. Garin da yake wata da watanni ba ɗigo, ruwan farko mai da ƙura yake tayarwa a kwalta, farin fentin hanya ya zama sabulu, gadojin ƙasa su cika. Duk wanda yake nan lokacin ambaliyar Nuwamban 2009, ko ta Nuwamban 2022, ba sai an yi masa bayani ba.

Na ce masa, “Alhaji, ai kai ya kamata su ɗauka aiki.” Ya ce shi da aka kayar a takwas? Gaskiyar ita ce kowannensu rabin karatun yake riƙe da shi. Kaftin ya san abin da babur yake yi, shi kuma ya san abin da mutane suke yi. Makarantar da ta san ciwon kanta da ta haɗa su biyun, ta fitar da ɗalibai titi ko da sa'a biyu ce, mai koyarwa a gaba mota a baya.

Sauran abin da ya kamata a faɗa a aji ba a faɗa ba, a bakin abokan aiki na tsinta. Tsallake jar danja riyal 3,000 ne zuwa 6,000. Riƙe waya kana tuƙi 500 zuwa 900. Rashin hular kwano 1,000 zuwa 2,000. Kyamarorin Saher, masu kama masu karya dokar hanya, suna kan titunan ƙasar nan tun 2010, kuma masu cewa ba sa ganin babur ba su ga fuskar abokin aikina ba ranar da saƙon tara ya shigo masa. In aka yi karo ba rauni, kamfanin Najm ake kira su zo su rubuta rahoto don inshora, kar ka yarda da sulhun bakin titi ko da mai motar ya rantse da Ka'aba zai gyara. In akwai rauni, 911 ko 997 na motar asibiti.

Akwai waɗanda wannan rubutu ba zai amfane su ba, kuma ba zan yi kamar ban san da su ba. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwanni a ƙarshen 2021, Ghulail da Petromin da Karantina da Sabil, mutanenmu suka watsu zuwa gefen gari, wurin neman abinci ya yi nisa, kuɗin tasi ya fi ƙarfin aljihu. Sai ka ga yaro haifaffen nan, ba igama, ya sayi babur mara lamba a hannun wani yana ratsa lunguna. Ba shi da hanyar yin lasisi, domin ƙofar farko ma ba za ta buɗe masa ba. Murur kuwa, wato hukumar 'yan sandan hanya, ba ta daina samamen babura ba, loda su ake yi a mota, kuma ga wanda ba shi da takarda, asarar babur ita ce ƙaramar magana, babbar tana Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Iyaye su san wannan kafin su tara wa yaro kuɗin dabbab. Mai igama kuma da zai sayi na hannu, ya tabbatar akwai lamba da istimara, wato takardar rajistar babur ɗin, a mayar da shi sunansa, ya yi inshora. Arhar babur mara takarda ba arha ba ce.

Hular kwano na saya tawa tun kafin in gama makarantar, mai rufe haɓa, ba irin kwanon nan na masu gini da wasu suke kifawa don ganin askar, wato ɗan sanda, ba. Ka juya madaurinta ka duba, mai kyau tana da ɗan ƙyalle ɗinke da harafin E a cikin da'ira, shaidar ta ci gwajin Turai. Ka sa ta ka girgiza kai, in ta juya ta yi maka yawa. Ka haɗa da safar hannu, domin tafin hannu ne yake fara isa ƙasa.

Wanda zai je, in yana da zaɓi ya nemi ranarsa tsakanin Disamba da Fabrairu, ya roƙi zaman safe, ya tafi da hularsa da ruwansa da takalmi sau-ciki. Ya tsaya a bakin fili ya ga wane mai koyarwa ne yake tsaye a rana tare da ɗalibansa, ya nemi a sa shi a rukuninsa, ana yarda in ka yi magana da ladabi. In kuma sabon shiga ne irina, kar ya bari wani ya koya masa zagaye biyu a bayan gida don a rage masa sa'o'i a gwajin farko. Ya ce bai iya ba, a yanka masa cikakkun sa'o'in. Bambancin kuɗin bai kai tarar jar danja guda ɗaya ba.